Kibiya a Haƙarƙarin Madaki

"Ku buɗe ƙofa! Madaki ya faɗi! Ku buɗe!"

Ihun ya taso daga bayan ganuwar Birnin Dagarfa. Kafin masu gadi su gama zare sakata, mutane sun danno ƙyauren da ƙirji sun kwararo ciki, wani da kibiya a gadon baya, wani ya tallabe hanjinsa da hannu biyu yana gudu, wani ya faɗi a bakin ƙofa na baya suka bi ta kansa. Sarkin Aska Nomau, shugaban wanzaman garin, tun hantsi yake durƙushe a zauren ƙofar yana cire kibau daga jikin mutane, jini ya bushe masa har gwiwar hannu. Ya ɗaga kai ya hangi mutum huɗu ɗauke da Madaki Cindo a kan garkuwa.

Babu sulke a jikin Madaki. Babu sulke a jikin kowa. Rundunar da ta fita da sassafe ta tari mayaƙan Zangulawa, abokan gabar garin, a mashigin rafi ta fita ne da rigunan saƙi zalla, aka bar sulke da lifidi da kwalkwali a kulle a taskar fada.

Dalili kuwa, wata biyu da suka wuce Galadima Ranau ya kawo wani boka gaban Sarki, sunansa Anaruwa, dogo, mai gashi cukurkuɗe har kafaɗa. Ya zare takobinsa ya yi ta saran cikinsa a gaban fadawa, ko ƙwarzane babu. Ya ce duk wanda ya sha jiƙonsa ƙarfe ya haramta gare shi, da sharaɗi ɗaya: kada ƙarfen gida ya taɓa jikinsa ranar yaƙi, in ban da makamin da ke hannunsa. Sarki Barmo ya naɗa shi Sarkin Magani, ya sa aka shayar da rundunar da ke gari kaf. Nomau ya lura tun ranar cewa bokan bai taɓa yarda a sare shi da takobin wani ba sai nasa. Ya faɗa, aka ce hassada ce.

"Ku sauke shi nan," in ji Nomau.

Kibiyar ta shiga ƙarƙashin hammatar hagu, karan ya karye, saura ɗan guntu. Nomau ya kama guntun a hankali, sai ya zaro a hannunsa fayau, babu ƙarfe a bakinsa. Zangulawa ba sa ɗaure ƙarfen kibiyarsu da ƙarfi, da gangan suke yi don ya zauna a cikin mutum da dafinsa.

Madaki ya buɗe ido. Shekara talatin Nomau na yi masa aski, ba su taɓa rabuwa ba tare da sun yi wa juna tsiya ba.

"Wanzami," ya ce, muryarsa a shaƙe, "ka biyo ni ka ƙarasa askin ne?"

"Rufe baki, ranka ya daɗe, kada ka ɓarar da sauran jinin. Zan tsaga yanzu."

Bai kai ga buɗe zabirarsa ba, dogarai suka dira a kansu. Sarki ya ce a kai Madaki fada, Sarkin Magani na jira, kada kowa ya taɓa shi.

An shimfiɗe Madaki a tsakiyar zauren fada a kan buzu. Sarki Barmo na zaune bisa karaga ya dafe gwiwa, idanunsa sun kaɗa. Galadima Ranau na damansa. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, bai jira dogarai sun gama amsawa ba ya ɗago.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ƙarfen yana ciki, dafi na wuyan ƙarfen. In rana ta faɗi ban cire shi ba, gobe sai dai a nemi wanda za a naɗa. A ba ni izini in tsaga."

"Tsaga!" in ji Anaruwa, ya yi wata dariya ta cikin hanci. "Zaki, ka ji mahauci. Da wuƙa zai nemi abin da ni kiransa nake ya zo."

Ya durƙusa, ya fito da wani ƙaho da aka yi wa ado da jar fata, ya kafa shi a bakin raunin. Ya yi surkulle, ya jujjuya ido, ya kama tsotso. Can sai ya zabura kamar an harbe shi, ya kama maƙogwaro, ya tofar da wani abu a tasar tagulla. Ƙwal! Bakin kibiya, jini a jikinsa.

Zauren ya ɗauki salati. Galadima ya miƙe tsaye. Sarki ya sauke ajiyar zuciya, har ya ɗaga hannu zai yi magana, sai fuskarsa ta sake ɗaurewa.

"Sarkin Magani, ka fitar, mun gani. To yaya aka yi ya shiga? Mutum nawa na rasa yau a mashigin rafi?"

"Tambayar da nake jira ke nan, Allah ya ba ka nasara," in ji Anaruwa. Ya goge baki, ya nuna kan Madaki da yatsa. "A dubi kan nan. Yaushe aka aske shi?"

Kowa ya duba. Kan Madaki tal yake, yana ƙyalli. Al'adar Dagarfa ce tun kaka da kakanni, jarumi ba ya fita yaƙi da suma, don in ya mutu a tarar da shi tsaf. Da asuba wanzamai suka zauna a ƙofar gari suka aske manyan runduna da duk wanda ya samu layi.

"Na ce kada ƙarfen gida ya taɓa su," in ji Anaruwa. "Aska itace ce? Ni da kuke gani, tun da uwata ta haife ni aska ba ta hau kaina ba. Wannan mutumin ya san sharaɗin, ya tara yaransa suka karya maganin da gayya, don a ce nawa ƙarya ne."

Zauren ya yamutse. Galadima ya gyara rawani, ya yi magana a natse, irin ta wanda ya daɗe da shirya abin da zai ce.

"Zaki, tun ranar da na kawo Sarkin Magani, Nomau ke yawo da baki. Yau ga abin da hassadarsa ta jawo. Jinin mutanen nan yana wuyansa. Ina ganin a kira Hauni."

Hauni, mai sare kawuna, dama yana bakin ƙofa. Ya shigo ya tsaya ya dogara takobinsa a ƙasa.

Nomau ya kalli Madaki. Leɓɓansa sun fara yin toka-toka, gumi na tsattsafo masa a goshi, gefen raunin ya soma baƙi. Mutumin da aka cire wa dafi ba haka yake ba. Ya juya ya kalli tasar.

"Allah ya ja zamanin Sarki, kafin a sare ni, a bar ni in ga ƙarfen nan."

Sarki ya gyaɗa kai. Nomau ya ɗauko shi ya goge da bakin riga, ya ɗaga shi sama. Sannan ya kwance bakin zabirarsa ya zazzage a gaban karaga. Bakunan kibau suka zubo, sun fi ashirin, duk da guntayen nama a jikinsu.

"Waɗannan yau na ciro su daga jikin 'ya'yanka, ranka ya daɗe. A duba. Zangulawa murɗe wuyan ƙarfensu suke yi don dafi ya kwanta a cikin murɗin, kunnensa kuma ɗaya ne. Wannan da ya tofar, wuyansa a miƙe yake, kunnensa biyu. Ƙirar maƙeranmu ce, ta unguwar bayan kasuwa. Ko dai Madaki mutuminmu ne ya harbe shi, ko kuwa ƙarfen nan a kumatun boka ya kwana."

"Ƙarya yake!" in ji Anaruwa. "Abokan gaba ba sa tsintar kibanmu su harbo?"

"Jinin fa?" in ji Galadima. "Duk mun ga jini."

"Wanda ya tsotsi rauni ai sai ya tofar da jini, Galadima. Ni ma sana'ata ce."

Sarki ya miƙa hannu aka ba shi ƙarafan biyu. Ya juya wannan, ya juya wancan. A daidai lokacin suka jiyo gangunan Zangulawa daga yamma, sun haye rafi, sun doso ganuwa.

"Nomau," in ji Sarki, "in ka tsaga Madakina ba ka samu komai ba fa?"

Nomau ya ɗaga hannunsa na dama. Da shi ubansa ya koya masa riƙon aska, da shi ya yi wa rabin garin nan kaciya da tsagar gado.

"A sare wannan a gabanka. Kan ma in kana so."

"Hannun ya isa. Hauni, matso kusa da shi."

Dogarai huɗu suka danne Madaki, biyu a kafaɗa, biyu a ƙafa. Nomau ya sa masa bulalar dorina a baki.

"Ciji nan, ranka ya daɗe. In ka ga dama ka zage ni a zuci."

Ya ɗauki askarsa 'yar tsaga, ya yi bisimilla, ya keta fatar tsawon yatsa. Baƙin jini ya yi tsartuwa har fuskarsa. Madaki ya banƙare, dogaran suka hau shi da nauyinsu. Nomau ya zura yatsa ya bi hanyar da kibiyar ta bi. Nama. Ƙashi. Ya ƙara turawa. Babu komai.

Ya ji inuwar Hauni a bayansa. Ya ji Galadima ya yi gyaran murya.

"Zaki, yanka shi fa yake yi a banza."

Nomau ya rufe ido. Ya tuna Madaki a kan doki yake, maharbin kuma a ƙasa, cikin rafi. Ashe daga ƙasa ta taso. Ya juya yatsansa sama, bayan ƙashin haƙarƙari, sai wani abu mai kaifi ya soke shi a kan farce. Ya ƙara tsagar, ya zura hantsaki, ya kama, ya murɗa don kunnen ya saki nama, ya fizgo da ƙarfi. Bulalar ta tsinke biyu a bakin Madaki.

Ya jefa ƙarfen a tasar, kusa da na boka. Wuyansa a murɗe, kunnensa ɗaya, baƙin dafi daskare a jikinsa.

Ba wanda ya yi salati wannan karon. Nomau bai ko ɗaga kai ba, ya kafa nasa ƙahon a raunin ya zuƙe gurɓataccen jinin ya zubar, ya sake, ya sake, har ja ya fara fitowa. Ya cusa garin bagaruwa da man shanu, ya naɗe da ƙyallen sawaye. Sai a lokacin ya ji kokawa a bakin ƙofa. Anaruwa ne ya sulale zai fita, Sarkin Dogarai ya damƙo shi ta gashi ya maka shi da ƙasa. Jakarsa ta fashe. Ga bakunan kibau, ga allurai, ga ƙayoyi, ga busassun tsutsotsi, duk abubuwan da wata biyu yake cirowa daga cikin matan gari da 'ya'yansu. Wani dogari ya zare takobin bokan ya goga a tafin hannunsa, ya nuna wa Sarki. An goge kaifin tas.

"A buɗe taska," in ji Sarki. "A kai sulke da lifidi ganuwa yanzu."

An kai. Ba a jima ba Sarkin Baka, shugaban maharba, ya shigo a guje ya zube.

"Allah ya ba ka nasara, sun ƙi sawa! Labari ya riga mu zuwa cewa aska ce ta karya maganin. Waɗanda ba a aske ba sun ce su nasu na nan daram, in suka sa sulke ne za su mutu. Ga Zangulawa sun kawo tsani gindin ganuwa!"

Sarki Barmo ya sauko daga karaga. Ya tako har inda Anaruwa ke kwance, ya tsaya a kansa.

"Sarkin Magani. Kai ka sha jiƙon nan naka?"

"Na... na sha, Zaki."

"Aska ta taɓa hawa kanka?"

Sarki bai jira amsarsa ba, ya ɗora.

"Da bakinka ka faɗa mana ba ta taɓa ba. To babu wanda maganinsa ya kai naka ƙarfi a garin nan. Ku kai shi saman ƙofa."

Nomau ya bar Madaki a hannun matan fada ya bi su, domin ya san inda aikinsa zai koma. Ya hau ganuwa ya leƙa. Zangulawa sun rufe fili baƙi ƙirin, maharbansu sun durƙusa sahu-sahu, masu tsani na tahowa a guje ƙarƙashin garkuwar fatar giwa. A kan ganuwa kuma ga samarin Dagarfa tsaye ƙirji a buɗe, sulke zube a ƙafafunsu kamar tsumma.

Dogarai suka ɗaure Anaruwa a jikin gungumen giginya da ke saman ƙofa, inda kowa zai gan shi, suka yage masa riga. Sarkin Dogarai ya ɗaga murya.

"Jama'ar Dagarfa! Ga mai maganin da kansa! Sarki ya ce ku kalla ku ga yadda ƙarfe ke jin tsoronsa!"

"Ku kwance ni!" Anaruwa ya kwarma ihu. "Ruwan tsamiya ne! Wallahi ruwan tsamiya ne da toka da garin gawayi! Ku sa sulkenku, ku kwance ni!"

Maharban Zangulawa suka ga mutum tsaye a sarari. Kibiya ta farko ta same shi a cinya, ta biyu a ciki. Ta uku ta shiga ta bakinsa yana cikin ihu ta fita ta ƙeya ta kafe a gungumen. Kafin a ƙifta ido ya zama kamar bushiya.

Sai ganuwa ta rikice. Samari suka yi ta wawar sulke, wani ya sa nasa a baibai, biyu na jan lifidi ɗaya. Kan tsani na farko ya bugi ganuwa suna cikin ɗaure kwalkwali. Bazangule na farko da ya leƙo, Sarkin Baka ya sakar masa kibiya a ido daga taku uku, ya koma ƙasa ya tafi da mutum biyar da ke bayansa. Na biyu ya samu ya dira, ya kai wa wani saurayi sara a kafaɗa, takobin ya yi tartsatsi a kan sulke ya zame. Saurayin ya kalli kafaɗarsa, ya kalli mutumin, ya yi wata irin kururuwa ya soka masa mashi a maƙogwaro.

Daga nan aka kacame. Mata suka hauhawo da tukwanen tafasasshen kunun kanwa suna sheƙa wa masu hawa, fata na saluɓewa. Aka ture tsani uku da mutanensu. A kusurwar kudu Zangulawa suka ci ganuwa har taku ashirin, aka yi ta sara jiki da jiki, ƙafa na santsi a cikin jini, har Sarki Barmo da kansa ya iso cikin lifidi da dogaransa suka turo su ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙato ya faɗo kan Nomau yana ɗaure wa wani rauni, ya shaƙe shi. Nomau ya lalubo askarsa ya ja masa a wuya, jinin ya wanke masa fuska da zafinsa.

La'asar sakaliya gangunan Zangulawa suka sauya kiɗa. Suka ja da baya suka haye rafi, suka bar gawarwakinsu jibge a gindin ganuwa.

Nomau ya koma fada yana jan ƙafa. Ya tarar Sarki ya riga shi, fadawa sun zauna, Galadima Ranau na can gefe kansa a ƙasa, babu mai kallonsa. Nomau ya durƙusa wurin Madaki ya taɓa goshinsa. Zafin ya sauka. Ya ɗaga sawayen, baƙin bai ƙara yaɗuwa ba.

Madaki ya motsa leɓe. Nomau ya kai kunne.

"Wanzami... an ce hannunka ka sa a kaina."

"Haka aka yi, ranka ya daɗe."

"Amma kai wawa ne. Da ka rasa shi, wa zai yi mini aski?"

Nomau ya yi dariya, hawaye na bin jinin da ya bushe a kumatunsa. Sarki ya cire alkyabbarsa da kansa ya ce a yafa wa Sarkin Aska. Maroƙa suka ɗauki kirari.

Ba a gama yafa masa ba aka ji hayaniya a ƙofar fada. Dogarai suka shigo da wani baƙo, tsoho, siriri, ƙafafunsa duk faso, tsagar fuskarsa ba ta ƙasar nan ba ce. Zabirar wanzamai na rataye a kafaɗarsa. Ya faɗi ya yi gaisuwa da hannun hagu. Na daman dungu ne, an sare daga wuyan hannu.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ni ne Sarkin Askan Birnin Kwargaba, lokacin da akwai Birnin Kwargaba. Na ga gawar da kuka rataye a saman ƙofa. Shekara biyu nake bin sawunta." Ya juya ya dubi Nomau, ya dubi tasar da ƙarafan biyu ke ciki. "Kai ka samu naka ƙarfen, ɗan'uwa. Ni yatsana bai kai ba."

"To ka huta, baƙo," in ji Sarki. "Wanda ya cuce ka ya mutu."

"Ƙaramin ne ya mutu, ranka ya daɗe. Su biyu ne, wa da ƙane, kuma ba sa shiga gari sai Zangulawa na bayansu da kwana sittin. Kun tambaye shi inda wansa yake kafin ku kashe shi?"

Ya bi fadawa da kallo, ya ci gaba.

"Ni na sani. Ta Kwarin Tabo na biyo, inda ɗanka Yarima ya yi sansani da sauran rundunarka. Shekaranjiya na bar su suna layi a gaban tukunyar jiƙon wan nasa." Tsohon ya ɗaga dungunsa ya nuna arewa. "Sulkensu kuwa na wuce shi a hanya, an ɗora wa jakuna ana dawo maka da shi gida."